Pam Grier da Hollywood: An Ci Moriyar Ganga

HADIZA: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a fodkas ɗinmu na hirar fina-finai. Hadiza ce, ga Nura a gefena, ga kuma Kawu Isa da muka sha fama kafin ya yarda ya zo. Kawu, barka da zuwa.

KAWU ISA: Barka kadai 'yata. Ai ba ƙin zuwa na yi ba. Cewa na yi in hirar fim ɗin Indiya za ku sake yi, ku yi abinku.

NURA: Yau babu Indiya, Kawu. Amurka muka nufa, shekarun 1970, kan wata jaruma baƙar fata mai suna Pam Grier. Amma tun da wuri mu faɗa wa masu saurare, tsofaffin fina-finanta ba na kallo da yara ba ne. Akwai zubar da jini, akwai tsiraici, akwai ashar.

HADIZA: Kuma da yawa cikin mutanenmu sun taɓa ganinta ba su sani ba. Duk wanda ya kalli Above the Law na 1988, fim ɗin Steven Seagal na farko, ai ita ce 'yar sandar da ke aiki tare da shi a Chicago.

KAWU ISA: To kin ga abin da ke ba ni haushi ke nan. Yaran da muka kalli fim ɗin tare a kaset, su a ganinsu wata ce kawai da ke bin Seagal a baya. Alhali shekara 15 kafin nan, sunanta kaɗai ake sa wa a fasta mutane su yi layi. Shi Seagal ɗin lokacin ba wanda ya san shi.

NURA: Yaya Hadiza, ke kika yi binciken tarihinta. Daga ina ta fito?

HADIZA: An haife ta 1949 a Winston-Salem, jihar North Carolina. Babanta makanike ne a rundunar sojin sama, uwarta ma'aikaciyar jinya, don haka sun yi ta yawo, har Ingila sun zauna, kafin su tare a Denver. Da ta je Los Angeles, aikin da ta samu shi ne amsa waya a wani kamfanin fim, American International Pictures, wanda ake kira AIP. Daga teburin waya ta shiga fim.

KAWU ISA: Tsaya a kan AIP ɗin nan, don in ba a gane kamfanin ba, ba za a gane rayuwarta ba. Mutum biyu ne suka kafa shi a 1954, James Nicholson da Samuel Arkoff. Tsarinsu shi ne a fara ƙirƙiro suna mai jan hankali, a zana fasta, in masu gidajen sinima sun nuna sha'awa, sannan a nemo wanda zai rubuta labarin. Kuɗi kaɗan, kwanakin ɗauka kaɗan, a cika shi da abin da manyan kamfanoni ke jin kunyar nunawa. Ba su taɓa cewa ilimantarwa suka zo yi ba.

NURA: Wato fasta ce uwa, labari ɗa.

KAWU ISA: Ƙwarai. Kuma lokacin ya zo musu daidai. A 1968 aka soke tsohuwar dokar tace fim ta Hollywood, aka koma tsarin rarraba fim bisa shekarun mai kallo, sai ƙofa ta buɗe. Manyan kamfanoni suna ta asara. Fararen fata masu hali sun kwashe daga tsakiyar birane sun koma bayan gari, manyan sinimomin cikin gari suka zama na baƙaƙe. A 1971 wasu baƙaƙe biyu masu ba da umarni suka fito da nasu, Melvin Van Peebles ya fitar da nasa fim ɗin da kansa, Gordon Parks ya yi Shaft, kuɗi suka shigo ba a zata ba. Nan Hollywood ta farga cewa baƙar fata ma yana sayen tikiti.

HADIZA: Amma ita ba da irin waɗannan ta fara ba. Ƙasar Filifin aka kai ta, saboda can aiki ya fi araha. The Big Doll House a 1971, The Big Bird Cage a 1972, duka Jack Hill ya ba da umarni, ƙarƙashin kamfanin Roger Corman. Labarin mata a gidan yari cikin daji, ana azabtar da su, suna faɗa cikin taɓo. Ni dai gaskiya waɗannan ba ni da abin da zan kare su da shi. An yi su ne don maza su ƙure ido.

NURA: To me ya sauya?

HADIZA: Coffy, 1973. An ce AIP sun so su yi fim ɗin Cleopatra Jones, labarin wata jaruma baƙar fata, sai Warner Bros suka riga su karɓe shi. Haushi ya sa suka kira Jack Hill, ya haɗa musu nasu cikin gaggawa da kusan dala 500,000, suka riga wancan fitowa kasuwa.

KAWU ISA: Bari in ba ku farkon fim ɗin, don har yau yana idona. Wani dillalin ƙwaya ne aka kawo masa mace a mota, wai ta kamu, za ta yi komai don a ba ta allura. Ya bi ta ɗaki yana washe baki. Yana juyowa sai ya ga bakin bindiga mai baki biyu da aka datse. Ba ta yi dogon jawabi ba. Tana gamawa da shi da yaronsa, sai ga ta a asibiti cikin kayan aiki, hannunta na rawa, har likita ya lura ba ta cikin hayyacinta. Nas ce. Ƙanwarta ƙarama aka koya wa allurar ƙwaya har ta lalace.

NURA: Wannan rawar hannun ita ta fi burge ni. Jaruman maza na lokacin sukan kashe mutum su gyara kwalar riga su wuce. Ita kuwa ana ganin abin yana cinta.

HADIZA: Ni kuma wurin rezar ne. Ta san za a yi faɗa da wasu mata a wani biki, ta san kuma gashi ake fara damƙa, sai ta cusa reza cikin tulin gashinta. Wadda ta kai hannu ta dawo da shi jina-jina. Wannan ba dabarar soja ba ce, dabarar macen da ta san faɗan unguwa ce.

KAWU ISA: Amma duk kun bar babban wurin. Saurayinta ɗan siyasa ne, kansila mai neman kujerar majalisa, baƙar fata, mai daɗin baki kan 'yancin baƙaƙe. A ƙarshe ta gano da shi ake raba kuɗin ƙwayar, shi da 'yan sanda da manyan dillalai. Da aka kama ta, a gabanta ya ce bai damu a kashe ta ba. Kun ga fim mai arha, na tsiraici da jini, amma ya faɗi abin da manyan fina-finai ba su faɗa ba: mai sayar da unguwa wani lokacin ɗan unguwar ne mai kwat.

HADIZA: Kawu, a nan fa zan ja da kai kaɗan. Na yarda akwai wannan saƙon. Amma kafin a kai ga saƙon, sau nawa aka yaga mata riga? A Foxy Brown na 1974 ma abin ya fi muni, har ɗaure ta aka yi aka ci zarafinta kafin ta rama. Mai rubutu Bature, masu kamfani Turawa, ribar ta tafi aljihunsu. Mace baƙa ce a gaba da bindiga, na ji, amma wa ke riƙe da kyamarar?

KAWU ISA: Ban musa ba. Tambayata ita ce, kafin ita, me ake ba mace baƙa a Hollywood? Hattie McDaniel ta ci Oscar a 1940, a matsayin me? Baiwa mai hidimar gidan Turawa. Shekara da shekaru in kin ga baƙar mace a fim, to tire ne a hannunta. Sai ga wata ta fito, labarin nata ne daga farko har ƙarshe, ba ta jiran namiji ya zo ya cece ta. Matan da suka cika sinima a Harlem da Detroit ba wawaye ba ne, sun san abin da suka je gani.

NURA: Su kansu baƙaƙen Amurka ai sun rabu biyu a kai. Junius Griffin, shugaban reshen Beverly Hills da Hollywood na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, shi ya raɗa wa irin fina-finan suna blaxploitation, wato ci da gumin baƙaƙe, a 1972. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe suka haɗa kai suna yaƙar su, suna cewa ana nuna wa yara cewa kawali da dillalin hodar iblis su ne gwanaye. Fim ɗin Super Fly suka fi sa wa ido. Gardamar ta yi kama da wadda muke yi a nan kan fina-finan daba, ko nuna abin yana koya shi ne, ko yana tona shi.

HADIZA: Sai dai a Coffy dillalin ba gwani ba ne, shi ake farauta.

NURA: Haka ne, amma da aka tashi shara ba a tsaya tantancewa ba.

KAWU ISA: Kuma kada ku ɗauka suka ce kaɗai ta kashe harkar. Kuɗi ne. Kamfanoni sun lura baƙaƙe na tururuwa zuwa The Godfather da The Exorcist, fina-finan da ba don su aka yi ba. Sai Jaws ya zo a 1975 ya nuna fim ɗaya zai iya kwashe kowa da kowa. To me zai sa su ci gaba da yin na baƙaƙe zalla? Suka rufe famfo. Masu sukar sun samu abin da suka nema, an daina munanan fina-finan, amma kyawawan da suka yi fata ba su zo ba. Jarumai, masu ɗaukar hoto, masu kiɗa, duk suka zauna. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

HADIZA: A 1975 kaɗai fina-finai uku ta fito a ciki, Sheba, Baby da Bucktown da Friday Foster, mujallar Ms. ta masu rajin 'yancin mata ta sa ta a bango. Bayan 'yan shekaru kuwa sai ƙananan matsayi. A 1981 ta fito a Fort Apache, The Bronx tare da Paul Newman, a matsayin karuwa 'yar ƙwaya mai kisa. 'Yan mintuna ne, amma tsoro take ba mutum, ido a lumshe, murya a shaƙe. Wanda ya ga wannan ya san ba jiki kaɗai gare ta ba, ta iya aikin.

NURA: Shi ma fim ɗin ai mazauna Bronx sun yi masa zanga-zanga, cewa ya mayar da su dabbobi.

HADIZA: Ka gani, gardamar ba ta taɓa rabuwa da ita ba. Daga nan ta yi wasan dandamali, ta yi talabijin kamar Miami Vice. A 1988 aka gano tana da sankarar bakin mahaifa, likitoci suka ba ta wata 18. Ta tashi.

KAWU ISA: Ikon Allah. Sai yaron nan mai ba da umarni, Quentin Tarantino.

NURA: Shi tun yana yaro fina-finanta yake kallo. Ta je neman matsayi a fim ɗinsa Pulp Fiction ba ta samu ba. Daga baya ya ɗauki littafin Elmore Leonard, inda jarumar Baturiya ce mai suna Jackie Burke, ya mayar da ita baƙa, ya sa mata Brown, ya kira Pam Grier. Jackie Brown, 1997, tana da shekara 48.

HADIZA: Abin da nake so a fim ɗin shi ne bai mayar da ita yarinya ba. Ma'aikaciyar jirgin sama ce a wani ƙaramin kamfani, albashi ba ya isa, tana yi wa wani dillalin bindigogi, Samuel L. Jackson, safarar kuɗi daga Meziko. 'Yan sanda sun kama ta, shi kuma yana shirin kashe ta kada ta tona shi. Akwai inda take zaune a ɗakinta da mai karɓar beli, Robert Forster, suna shan kofi, tana cewa abin da ya fi ba ta tsoro ba ɗan bindigar ba ne, a ce a shekarunta ta sake farawa daga babu. Nura, duk wanda ya san tarihinta ya san ba rubutun kaɗai take faɗa ba.

KAWU ISA: Kuma ba riga ko ɗaya da aka yaga. Da ƙwaƙwalwa ta ci su duka.

NURA: Amma ga abin takaici. An sa ta cikin 'yan takarar kyautar Golden Globe, a Oscar kuwa Forster aka sa cikin 'yan takara, ita ko sunanta bai fito ba.

HADIZA: Kuma bayan fim ɗin ba a yi ta rububinta da manyan matsayi ba. Aiki dai bai yanke ba, ta yi shirin talabijin na The L Word daga 2004 zuwa 2009, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta a 2010. Amma babban fim da aka gina a kanta kamar wancan, ba a sake ba ta ba.

NURA: To wanda bai san ta ba, Kawu, da wanne zai fara?

KAWU ISA: Coffy. A fara daga inda wutar ta kama.

HADIZA: Ni na ce Jackie Brown. In mutum ya fara da Coffy, musamman mace, minti ashirin za ta kashe ta ce me ya kawo ni nan.

KAWU ISA: In ba ta ga yarinyar mai reza a gashi ba, ta yaya za ta gane gajiyar da ke fuskar matar?

HADIZA: Za ta gane, Kawu. Mata sun san wannan gajiyar ba sai an nuna musu reza ba.

NURA: To ni dai ba zan shiga tsakanin kawu da 'yarsa ba. Masu saurare, lokaci ya cinye mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.