Na tsaya a cikin taswira, ruwa yana sama da kaina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga ƙasar Holan nake magana da ku, a ɗakin gwaji na sashen nazarin ƙasa a wata jami'a. Na san idonku yana kan tabaran nan da ke kan tebur, za mu zo kansa, amma sai kun fara ganin wannan akwatin. Ɗan'uwa, matso da kyamarar su gani da kyau.

Yashi ne zalla a ciki. A sama an rataye kyamarar Kinect, wadda kamfanin Microsoft ya ƙera don wasan bidiyo, tana auna tudu da kwarin yashin, ga kuma majigi yana haska launuka a kai. Ku dubi hannuna. Na tara yashi a nan, nan take ƙolinsa ya yi ja, layukan tsayi suka zagaye shi. Na haƙa rami a gefe. Yanzu in na buɗe tafin hannuna a saman tudun, kwamfuta za ta ɗauka hadari ne, sai ta sako ruwa. Ga shi nan, shuɗi, yana gangarowa yana neman kwari, ya taru a ramin. Bari in tsaga bakin ramin da yatsa ɗaya. Kun gani? Ya ɓalle, ya malale duk filin da ke ƙasa.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis aka fara haɗa wannan akwati, wani masani mai suna Oliver Kreylos ya rubuta manhajarsa, kuma kyauta ake ba da ita. Layukan nan da ke wahalar da ɗalibai a takarda, a nan yaro yana wasa zai gane cewa inda suka matsu da juna gangaren ya yi tsauri, inda suka ware kuma ƙasa ta kwanta.

To, ga tabaran gani-kamar-gaske, wanda in ka sa shi sai ka ga kamar kana cikin wurin da kwamfuta ta zana. Abin da nake gani za ku gan shi a allon da ke bayana. Yawancin mutane da Google Earth, manhajar kallon doron duniya, suka san wannan harka, shi ya fito a 2005, nau'insa na tabarau kuma ya biyo baya a 2016. Amma abin da malamar da ke kula da ɗakin ta buɗe mini ba shi ba ne, wani yanki ne na ƙasar nan da aka gina daga awon tsayi na hukuma.

Subhanallah. Jama'a, ina tsaye a kan ganuwar tare ruwa. A hannun damana kogi ne, a hagu gonaki da gidaje, kuma fuskar ruwan ta fi ƙofar gidajen tsayi. Bari in sauka wajen gidajen in ɗaga kai. Ruwa yana sama da ni. Na sha karanta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da matakin teku, cewa wuri mafi kwari, kusa da Rotadam, ya kai mita 6.76 ƙasa da teku, kuma ambaliyar 1953 ta kashe mutum fiye da 1,800. Duk na san wannan. Amma yau ne cikina ya ɗuri ruwa a kan maganar. Amfanin tabaran ke nan: manomi ko kansila da ba zai iya karanta taswirar injiniya ba, in ya tsaya a nan, ba sai an yi masa dogon bayani kan dalilin ɗaga ganuwa ba.

Bari in cire, kaina ya ɗan fara juyawa. Hakan yana faruwa idan ido ya ce ana tafiya alhali jiki yana tsaye, shi ya sa sabon shiga ake ce masa ya riƙa hutawa.

Daga ina wannan ƙasa ta cikin kwamfuta ta fito? Jirgin sama ne yake bin ƙasar layi-layi ɗauke da na'urar da ake kira laida. Tana harba hasken leza ƙasa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, tana ƙirga lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo. Tunda an san gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai a fitar da nisa. Kowace harbi ɗigo ɗaya ce mai tsayinta. Holan ta fara auna kanta haka tun ƙarshen shekarun 1990, ta maimaita sau da dama, kuma a awon baya-bayan nan ana samun kimanin ɗigo goma a kowace murabba'in mita. Ku duba allon, malamar ta kunna ɗigogin tsirara: ga rassan bishiya, ga wayar lantarki, ga bakin kwalbati.

Wani abin da nake so game da laida shi ne tana ratsa ganye. Wani hasken ya bugi ƙolin bishiya ya dawo, wani ya zurara ta tsakanin ganyaye har ƙasa. In aka share na sama, sai doron ƙasa ya fito fili. Da haka a 2018 masu binciken tarihi suka sanar da gano gine-gine fiye da 60,000 na tsohuwar al'ummar Maya a ƙarƙashin kurmin ƙasar Gwatamala da ke Amurka ta Tsakiya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na yi wannan bidiyon. Yawancin duniya ba ta da irin wannan awo. Shekaru da yawa abin da aka dogara da shi shi ne awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada, mai auna nisa da igiyar rediyo maimakon haske, a watan Fabrairun 2000, cikin kwana 11, wanda ya rufe kusan kashi 80 cikin ɗari na tudun duniya. Babban aiki ne, ba na raina shi. Amma tsayi ɗaya yake bayarwa ga kowane fili mai mita 30 tsawo da faɗi, kuma rada tana yawan tsayawa a kan rufin gida da ƙolin itace, sai ta ɗauka nan ne ƙasa. Ma'ana, birnin da ke bakin teku zai fito a taswira ya fi ainihinsa tudu. A 2019 masana na ƙungiyar Climate Central suka gyara wannan kuskure suka sake lissafi. Mutanen da ke zaune a filayen da ambaliyar teku za ta iya kaiwa duk shekara nan da 2050, waɗanda tsohon awon ya nuna kusan miliyan 80 ne, sai suka koma kusan miliyan 300. Teku bai canza ba a tsakanin lissafin biyu, awon ƙasa ne ya canza.

To ku ɗauka an zuba wancan tsohon awon a cikin wannan tabaran. Zai fito da kyau, da inuwa da launi da ciyawa, mutum ya tsaya a ciki ya rantse unguwarsu tana kan tudu. Tabaran ba ya nuna shakka. Taswirar takarda aƙalla tana tuna maka cewa zane ce, wannan kuwa ji kake ka je wurin da ƙafarka.

Akwai kuma ƙarin tsayi da ake yi da gangan. Malama, don Allah ninka mana tsayin sau goma. Kun ga yadda ganuwar ta zama dutse? A ƙasar da ƙolinta mafi tsayi a nan Turai bai kai mita 323 ba, dole a yi haka kafin ido ya rabe tudu da kwari. Ba laifi ba ne, muddin an faɗa wa mai kallo. Rashin faɗa ne matsalar, musamman a taron da za a yanke shawarar inda za a gina madatsa ko a tashi mutane.

Ba sai kuna da tabarau za ku gwada wannan ba. Google Earth Pro kyauta ne a kwamfuta tun 2015. Ku buɗe shi, ku duba ƙasan allo, akwai ranar da aka ɗauki hoton da kuke kallo, wani lokaci za ku tarar ya kwana biyu sosai. Ku shiga saituna, za ku ga inda ake ƙara tsayin ƙasa har ninki uku, ku sa shi a ɗaya, sannan ku sa a uku, ku ga yadda wuri ɗaya yake sauya kama. Akwai kuma alamar agogo da ke mayar da ku tsofaffin hotuna, har zuwa na taurarin ɗan'adam na Landsat na shekarun 1980. Ku nemi tekun Aral a tsakiyar Asiya, ku ja shekarun a hankali daga 1984 zuwa yau.

Wanda ya gwada ya faɗa mini abin da ya gani. Ga ɗalibai suna jiran tabaran, bari in ba su wuri. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in sha Allahu.