Injin Jirgi na Atishawa a Silo: Inda Ake Fara Dubawa

Assalamu alaikum jama'a. Ku ɗan kasa kunne ku ji wannan injin. Kun ji yadda yake karkarwa, ya yi kamar zai mutu, sai ya yi “fuf” ya dawo? Yamaha Enduro ne mai doki 40, silinda biyu, irin wanda ya cika bakin ruwan Legas tun daga Ebute Ero har Ikorodu da Badagry. Ya kwana biyu a duniya. Mai shi ya ce in an ba shi wuta lafiya lau yake gudu, amma da an sassauta za a jingina da gaɓa sai ya kama atishawa ya mutu, jirgi ya tafi yadda ruwa ya ga dama, fasinja na ta salati.

Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu zaro sukudireba mu murɗa sukurun silo, wato mai saita tafiyar injin in an sassauta wuta, har ƙara ta ɗaga. Ajiye shi tukuna, ɗan'uwa. Wannan sukurun shi za mu taɓa a ƙarshe.

Fara da kunne. Kawo kanka kusa, ka ji ta ina ƙarar ke fita. In ta gaba ce, ta bakin kabureta, wani lokaci har da ɗan feshin mai, to injin yunwa yake ji: iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. In kuwa harbi ne mai ƙarfi kamar an fasa leda, musamman lokacin jan igiya, har igiyar ta fizge maka hannu, zargi ya koma kan wuta da lokacin da take tashi.

Wannan yunwar ba abin wasa ba ce a irin wannan injin. Mota tana da baƙin mai a kaskonta. Shi kuwa wannan, man da ke shafa fistan da rin a cikin fetur yake zuwa, kai ka haɗa shi da hannunka a tanki. Duk sanda fetur ya ragu, man shafawar ma ya ragu. Injin da ya yi wata guda yana atishawa ana lallaɓa shi, wata rana a tsakiyar ruwa fistan zai kama, kuɗin da za a kashe kuma ya ninka na wanke kabureta nesa ba kusa ba.

To, mu fara da tanki. Ga gorar ruwa fara, na zuba fetur daga gindin tankin, mu ba shi minti biyu. Kun ga layin nan a ƙasa? Ruwa ne. Ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda tiyo ke zuƙa. A Legas ga damina mai tsawo, ga raɓa, ga feshin igiyar ruwa, ga jarkar da aka bari a buɗe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kowa na neman sauƙi, ana sayen na gefen hanya, wasu ma suna rage baƙin man haɗi. Waɗanda suka yi aiki a Fabrairun 2022 ba su manta gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan ya kwantar da injina ba. Zubar da fetur ɗin tankin nan a inda ya dace, ban da cikin ruwa, ka haɗa sabo. In littafin injinka ya ce 50 da 1, lissafin shi ne mililita 20 a kowace lita, wato rabin lita na mai a tanki mai lita 25. Nemi man haɗi na injin jirgin ruwa, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Na babur da na janareta ba aikinsu ba ne. Duba ɗan sukurun iska da ke kan murfin tanki ma, a buɗe yake ko a rufe? Na sha ganin an kwance kabureta kaf saboda shi.

Yanzu roban nan da ake matsawa a jikin tiyo. Matsa shi har ya yi tauri. In ya ƙi tauri, ko ka ga tiyon ya tsage a wajen haɗi, iska na shiga. Tada injin, in ya fara neman mutuwa ka ci gaba da matsawa. Ya farfaɗo? To famfon mai ne ya gaji ko tiyo ke shan iska. Ledar da ke cikin famfon in ta huje, fetur na zarcewa cikin injin kai tsaye, sai ka tarar fulogi ɗaya jiƙe sharkaf, ɗaya a bushe.

Mu ciro fulogan. Ajiye su a jere, na sama a sama, kar su cakuɗe, don kowanne labarin silindarsa yake bayarwa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, yunwar nan ce. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne tsohon fulogi ya fito tas kamar an wanke shi: ruwa ke shiga silinda, a duba gasket ɗin kai. In fuloginka na kamfanin NGK ne kuma lambarsa ta ƙare da 10, tazarar bakinsa milimita ɗaya ce. Jabu sun yi yawa a kasuwa, ka sayi a hannun wanda ka yarda da shi. Kuma ka tabbata wayar sama tana kan fulogin sama. Yaron shago ya juya su, injin zai yi ta harbi ya ƙi tashi. Goge duk inda gishiri ya yi kore a bakin wayoyi, musamman wayar da ke ɗaure da jikin injin.

Tunda fulogai na waje, sa agogon gwada matsi. Abin da nake nema shi ne silindun biyu su yi kusa da juna, bambancin kar ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, tsaya nan, aikin rin ne ko gasket ɗin kai, babu wankin da zai gyara shi. Wannan dai sun zo kai ɗaya, alhamdu lillahi.

Sai kabureta. Ga gwaji mai sauƙi: injin na silo, ja cok kaɗan. Kun ji ya daidaita? Ya faɗa mana da bakinsa fetur yake nema. A cikin kabureta akwai babban jet na gudu, akwai ƙarami na silo, raminsa kamar kan allura. Shi ya sa injin ke gudu lafiya amma ya kasa zama a silo: babban a buɗe yake, ƙaramin ya toshe da dattin tsohon fetur. Kafin ka cire sukurun iska na kabureta, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa har ya zauna, kar ka ɗaure, rubuta adadin. Ciro ƙaramin jet ɗin, ɗaga shi sama. Babu haske ko kaɗan. Fesa masa maganin wanki, busa da iska, har ka ga rana ta cikinsa. Don Allah ban da allura ko wayar ƙarfe. Tagulla ce, da ramin ya faɗaɗa ya tafi ke nan. Gasket ɗin gindin kabureta in ya bushe a sa sabo. Tunda an buɗe, leƙa siraran fallayen da ke bayanta, in wani ya tsage ko ya ɗaga baki shi ma yana sa atishawa.

Ga mai harbi kuwa, tambayata ɗaya: farfela ta daki wani abu kwanan nan? Mai bi ta Ebute Metta ya san gungumen da ke yawo a ruwa. Dukan na iya yanke ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe fulawil a kan sandarsa, fulawil ya goce kaɗan, wuta ta riƙa tashi ba a lokacinta ba. Makullin ba shi da tsada. Amma a cire fulawil da abin cirewarsa, guduma na lalata sandar.

Mun mayar da komai. Kar a tada shi a busasshe ko na daƙiƙa kaɗan, robar famfon ruwa za ta ƙone. Ga shi a ruwa, jirgi ɗaure da igiya biyu, ruwan sanyaya na tsartuwa ta baya. Bar shi ya yi ɗumi, sa giya ta gaba, don silon da aka saita a waje ba ya zama daidai in ruwa ya danne hayaƙi. To yanzu miƙo sukudireban nan. Kwata-kwatan juyi, ka jira, ka saurara. Ƙara kaɗan. Yauwa. Cire giya, sake sawa. Bai mutu ba. Malam, kwance igiyar mu zaga da shi.