Faifai ya cika: ƙara wa sabar gida wuri ba tare da an rasa fayil ba

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Yaya Bashir da Auwal. Tambayar yau ta wani mai ɗaukar hoton biki ce. Ya ɗora Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya gida-gida, a kan tsohuwar kwamfutarsa, a ciki ya kunna OpenMediaVault, manhajar ajiyar fayiloli, a matsayin VM, wato kwamfuta cikin kwamfuta, nan yake zuba bidiyon kamu da ɗaurin aure. Wuri ya ƙare, ya sayo faifai mai tera 4, amma yana tsoron taɓa komai.

Bashir: Gara da ya ji tsoron. Abin da zan fara tambayarsa shi ne, faifan a hannun wa yake? Proxmox ne ya yanka wa VM ɗin rabo daga ma'ajiyarsa, ko faifan gaske aka miƙa masa kai tsaye?

Auwal: Mu ɗauka rabo aka yanka masa, yawanci haka mutane ke yi.

Bashir: To aikin hawa-hawa ne. A Proxmox za ka ƙara girman rabon da umarnin qm resize. Ka shiga cikin VM ka duba, sai ka tarar wurin bai ƙaru ba.

Sadiya: Nan ne hankali ke tashi.

Bashir: Babu abin da ya lalace. Kamar ka sayi filin maƙwabcinka ne amma katangar tana nan inda take. Sai ka faɗaɗa yankin faifan da growpart, sannan ka faɗaɗa tsarin fayil ɗin: resize2fs idan ext4 ne, xfs_growfs idan XFS ne. Mai amfani da LVM, tsarin da ke haɗa faifai ya rarraba wurinsu, zai sa pvresize da lvextend a tsakani. Duk ana iya yi sabar tana aiki.

Auwal: Amma Yaya, idan hannu ya zame na ba shi fiye da abin da nake so fa?

Bashir: Sai dai ka zauna da shi. Proxmox ba ya rage faifai ta wannan hanyar, XFS kuma ƙaruwa kawai ya sani. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannan a duba teburin faifan, wato inda ake rubuta yadda aka yanka shi, domin tsohon tsarin MBR iyakarsa tera 2, sai GPT ke wuce nan.

Sadiya: Kuma kada ya ce an cuce shi a kasuwa idan ya ga 3.6 maimakon 4. Kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, kwamfuta da 1024.

Auwal: Ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗe sabon faifai da tsoho su zama ma'ajiya ɗaya ta LVM. Ranar da tsohon ya mutu, zai iya tafiya da abin da ke kan sabon. Gara a ba sabon gashin kansa, a liƙa wa VM a matsayin faifai na biyu.

Bashir: Haka ne. Masu ZFS, wani tsarin fayil da ke tara faifai wuri ɗaya a kira shi tafki, su ma suna da irin wannan ramin, kuma nasu ya fi zurfi. Akwai zpool attach, akwai zpool add. Attach yana yi wa faifanka abokin tagwaitaka, kowane na ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. Add kuwa faifai ne tilo zai shigo cikin tafkin ba tare da kariya ba, in ya mutu tafkin duka ya tafi. Idan kuma akwai RAIDZ a tafkin, wato rukunin faifai masu raba lissafin kariya a tsakaninsu, ba ka iya cire faifan da ka ƙara.

Sadiya: Ba ya gargaɗi?

Bashir: Yana yi, sai mutum ya ƙara -f don ya rufe masa baki.

Auwal: Da can ma ba a iya ƙara faifai ɗaya a kan RAIDZ. Sai a OpenZFS 2.3, da ya fito a Janairun 2025, aka samu wannan damar.

Bashir: Da sharaɗi. Tsofaffin fayiloli suna nan a kan tsohon lissafin kariyarsu, don haka wurin da za ka samu bai kai yadda ka zata ba sai an sake rubuta su. Mai faifai biyu tagwaye kuwa, ya kunna autoexpand, ya canza ɗaya da babba, ya jira kwafin ya kammala, sannan ya canza na biyu. Kuma ya nemi faifai irin CMR, mai rubutu layi-layi daban, ba SMR mai ɗora layi a kan layi ba. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faifan WD Red na SMR ne, waɗanda ke jan ƙafa sosai wajen irin wannan kwafin.

Sadiya: Wanda ke iya cin yini guda ko fiye. A ina za a samu wutar?

Auwal: Sai an jona da inbata ko UPS, wato batirin ko-ta-kwana na kwamfuta. ZFS yana ci gaba da kwafinsa idan wuta ta dawo, amma wanda ke matsar da yankin faifai da manhajar GParted aka ɗauke masa wuta a tsakiya, sai dai a yi masa jaje.

Sadiya: Mai tambayar ya ce ya ɗauki sinafshot, wato hoton yadda fayilolin suke a lokacin, kafin ya fara. Ya isa?

Bashir: A'a, ƙanwata. Sinafshot a kan faifan da ake tsoron mutuwarsa yake zaune. Ya kwafe bidiyon mutane a faifan USB, ya buɗe wasu ya tabbatar suna kunnuwa, ya zare shi ya ajiye a wani ɗaki. Kuma kafin ya buga kowane umarni, ya kira faifai da sunansa na /dev/disk/by-id mai lambar siriyal, domin sdb na yau yana iya zama sdc bayan an sake kunna na'ura.

Auwal: Musamman yanzu da zai soka sabo a ciki.

Sadiya: To malam mai hoto, ka turo mana abin da umarnin lsblk, mai jero faifai, ya nuna maka, mu ga a hannun wa faifan yake. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.