Ciwon Suga: Abin da ke Faruwa a Jiki da Yadda Ake Gano Shi

Assalamu alaikum masu kallo. Abinci irin su tuwo, shinkafa, fura ko burodi, in muka ci, ciki yana narkar da shi ya koma suga ya shiga jini. Da wannan suga jiki ke samun ƙarfi. Amma ba ya shiga tsoka da kansa, sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa. Likitoci na kiranta pankiriyas. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini. Ga abinci jibge a ƙofar gida, mutanen gida kuma na kwana da yunwa.

Ciwon suga nau'i-nau'i ne. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da matasa. Garkuwar jiki ce ke lalata wurin da ake yin insulin, don haka allurarsa ta zama dole har ƙarshen rayuwa. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Nau'i na biyu kuwa shi ne na kusan mutum 9 cikin 10 na masu ciwon. Gado na da hannu, haka teɓa, zaman wuri ɗaya, shekaru da yawan lemon kwalba. Masu cewa ciwon masu kuɗi ne su leƙa asibitin gwamnati ranar ganin masu suga, su ga su waye a kan benci. Akwai kuma nau'in ciwon da juna biyu ke tayarwa.

To, yaya ake jin sa? In suga ya haura kusan 10 a awon jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa mutum ke tashi sau da yawa cikin dare, maƙogwaro a bushe, ya sha ruwa kamar bai sha ba. Yana ci yana ramewa. Ga kasala, ga gani dishi-dishi, ga maruru da ƙaiƙayin gaba masu tafiya suna dawowa. Wasu sai sun ga kiyashi ya yanyame inda suka yi fitsari hankalinsu ke tashi. Yaro kuma in ya koma fitsarin kwance, yana rama, sannan ya fara amai da numfashi sama-sama, kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis. A kai shi asibiti a ranar.

Inda gizo ke saƙar shi ne nau'i na biyu kan yi shekaru bai nuna komai ba, alhali yana cin jijiyoyi a hankali. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Yana taɓa ido har a makance. Yana kashe ƙoda har a kai ga wankin ƙoda. Yana jawo bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da raunin mazakuta, wanda maza da yawa ke ɗora wa basir su yi ta shan jiƙe-jiƙe.

Amma ku dubi ƙafa. Da farko zugi ne da jin kamar ana soka allura, musamman da dare. Daga baya ji ya ɗauke. Dattijo ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta lokacin hunturu, ko ya yi alwala da ruwan da ya yi zafi da yawa, ya ƙone bai sani ba. Ƙusa ta huda takalmi ya wuni yana takawa. Jini ba ya isa wurin sosai, ciwon ya ƙi warkewa, a ce jifa ne, a yi ta shafe-shafe. Kafin a je asibiti magana ta zama ta yanke ƙafa.

Gwajin kuwa ba wuya. Mutum ya kwana awa 8 bai ci komai ba, ruwa kawai, da safe a ɗebi jini. In ya kai 7.0, ko 126 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, ciwon suga ne, amma akan maimaita wata rana don a tabbatar. In ga alamomi a fili kuma aka samu 11.1, wato 200, a kowane lokaci, ya wadatar. Akwai na shan ruwan suga giram 75 a auna bayan awa 2, wanda ake yi wa masu juna biyu tsakanin mako na 24 da na 28. Matar da ta taɓa haihuwar jariri sama da kilo 4 ta gaya wa ma'aikatan awo tun zuwan farko.

Sai gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Daga kashi 6.5 zuwa sama, ciwon ne. Sai dai a ƙasar Hausa, inda sikila ke da yawa, a yi hattara: mai sikila, mai ƙarancin jini da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, sakamakonsu kan fito ba daidai ba. Su sanar da likita ya yi musu gwajin safe kafin karin kumallo.