Darasi: Ladubban shiga marae ga mai ziyartar Niyu Zilan

Masu sauraro, assalamu alaikum. Darasinmu na yau na wanda ya ƙuduri aniyar zuwa Niyu Zilan ne, ƙasar da 'yan asalinta, wato Maori, suke kira Aotearoa. Galibin baƙi duwatsu da tafkuna ne ke jan su, ko maɓuɓɓugan ruwan zafi na garin Rotorua, amma a ganina duk wanda ya dawo bai taka marae ba, ƙasa ya gano, bai ga masu ita ba.

Marae shi ne dandalin taron dangi, wanda ya ƙunshi fili da babban zaure mai sassaƙe-sassaƙe. Baƙo ba ya kutsa kai ciki. Za ku tsaya a bakin ƙofa har sai wata mace daga masu gida ta ɗaga murya ta yi kiran da ake cewa karanga, wata daga ayarinku ta amsa, sannan ku taka a hankali, baki a rufe. Daga nan sai jawabai, yawanci da harshen Maori, wanda ya zama harshen hukuma a shekarar 1987, kuma kowane jawabi ana raka shi da waƙa. Mai jawabin ƙarshe daga ɓangaren baƙi shi ne zai ajiye koha, wato kyautar kuɗi a cikin ambulan.

Gaisuwarsu, hongi, haɗa hanci ne da hanci, alamar numfashin baƙo da na mai gida sun zama ɗaya. Idan addininka bai ba ka damar yin haka da mace ba, ka sanar da jagoranku tun kafin a fara, domin janye jiki a tsakiyar layi yana iya zama cin fuska.

Ka cire takalmi kafin ka shiga zauren, domin a wurinsu ginin jikin kakansu ne. Kada ka zauna a kan tebur, kada kuma ka taɓa kan wani.

Da cin abinci ake rufe tarbar, kuma da shi baƙo ke zama ɗan gida. Sau da yawa hangi ne, nama da dankali da aka turara a rami bisa duwatsu masu zafi, kuma akan haɗa da naman alade, saboda haka sai ka tambaya tun da wuri.

Saura batun guzuri. Ƙasar tana tsaurara bincike a filin jirgi don kare gonakinta, don haka kilishi, zuma, daddawa ko yaji, duk abin da ka ɗauko ka bayyana shi ga jami'ai, domin ɓoyewa ko mantuwa tarar dala 400 ta ƙasar ce nan take.