Kwas ɗin Gurguzu na Dole a Jami'o'in Ƙasar Sin

A ƙasar Sin, ko likitanci ka je karanta, ko injiniya, ko ilimin kwamfuta, ba za a miƙa maka takardar digiri ba sai ka ci wasu kwasa-kwasan siyasa. Tsarin da gwamnati ta fitar a 2005 ya tanadi guda huɗu: tushen aƙidar Karl Marx, tunanin Mao Zedong da gurguzu irin na Sin, tarihin ƙasar na zamani, sai tarbiyya da sanin doka. A 2021 kuma ma'aikatar ilimi ta ba da umarnin a shigar da tunanin Shugaba Xi Jinping cikin manhaja, tun daga firamare har jami'a. Wanda ke neman gurbin digiri na biyu ma sai ya rubuta jarrabawar siyasa mai maki 100.

In kana da ɗan'uwa da ke karatu can, wataƙila bai taɓa shiga ajin ba. Ɗaliban waje harshen Sinanci da darasin sanin ƙasar ake tilasta musu, sai fa masu karanta falsafa ko kimiyyar siyasa, su kam dole su ɗauki kwas ɗin siyasar.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja, kuma ba a raina ta. Jam'iyyar Kwaminis ce ke mulki tun 1949. Ta yaya matashi zai fahimci ƙasarsa bai san aƙidar da aka gina ta a kai ba? Shi kansa Marx, ko ka ƙi jininsa, da wuya ka karanci tattalin arziki ko halayyar al'umma ba ka ci karo da shi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malamai irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman sun yi shekaru suna fassara tarihinmu ta fuskar masu shi da marasa shi. Amma a Zariya ɗalibi yana iya ɗaga hannu ya yi gardama, wani malamin ma a ofishin da ke kusa yana koyar da akasin haka.

A Sin kuwa, matsalar tana ɓullowa ne ranar jarrabawa. Idan amsa ɗaya tak aka yarda da ita, kuma jam'iyya ce ta rubuta ta, to ɗalibi hadda zai yi ya juye a takarda ya kama gabansa. Tarayyar Sobiyat ta gwada haka da kwas ɗin da ta kira kwaminisanci na kimiyya, daga farkon shekarun 1960. An yi ta haddacewa kusan shekara talatin, amma hakan bai hana ƙasar wargajewa a 1991 ba.

Sai kuma abin da ya faru a 2018. Ma'aikatan wata masana'antar ƙera injinan walda a birnin Shenzhen sun nemi kafa ƙungiyar ƙwadago. Wasu ɗalibai, har da 'yan ƙungiyar nazarin Marx ta Jami'ar Peking, suka je mara musu baya, suna ɗauke da hotunan Mao, suna rera waƙoƙin gurguzu. Abin da aka koya musu a aji ne suka ɗauka da gaske. 'Yan sanda suka dira a masaukinsu suka kwashe su, daga bisani hukumar jami'ar ta sauya shugabannin ƙungiyar.