Wa ke ƙirga kwarkwatar kifi? Hirarmu kan salmon da majalisar Sikotlan

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bashir da ƙanena Aminu, zamu leƙa Sikotlan ne, yankin arewacin Birtaniya, mu duba maganar kiwon kifin salmon da yadda majalisarsu ke sa ido a kai. Malam, fara mana da girman harkar tukunna.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Harka ce babba sosai, a duk abincin da Birtaniya ke fitarwa waje salmon ne kan gaba wajen kuɗi, Faransa ce kuma ta fi saya. A cikin teku ake kiwon, manyan kejina na raga ne a gaɓar yamma da tsibiran Shetland da Orkney, tun 1971 aka kwashi kifin farko a Loch Ailort, wani lungun teku a gaɓar yamman. Yawancin kamfanonin ma na waje ne, Mowi na Norwe, Bakkafrost na tsibiran Faro, Cooke na Kanada.

Aminu: To ai wannan abin arziki ne Malam, ina matsalar take?

Malam Bashir: Mutuwa Aminu. A 2023 kaɗai kifi sama da miliyan 17 suka mutu a gonakin kafin su isa kasuwa. Abinda aka samar ya sauko daga kusan tan dubu 205 a 2021 zuwa wajen dubu 151 a 2023. Ruwa ya yi ɗumi, ga ciwon da ke kama musu mashaƙa, wato inda suke numfashi, ga kwarkwatar teku mai cin fatar kifin har tayi masa gyambo, kuma in kifi ya cunkushe a keji sai ta hayayyafa ta bi ruwa ta kama ƙananan salmon na daji da ke fitowa daga koguna zasu shiga teku, su kuma dama sun ragu har an saka na Birtaniya cikin masu fuskantar ƙarewa a ƙarshen 2023.

Hadiza: Wlh wannan adadin na damuna, miliyan 17 fa, masu rai. To ita majalisar me take yi?

Malam Bashir: Nan ne ya kamata mu daɗe. Majalisar da ke Holyrood a Edinbara tana da 'yan majalisa 129, ita ke yin babbar doka, kamar dokar kiwon kifi ta 2007 da ta 2013. Amma babbar doka bata cewa ka ƙirga kwarkwata ranar kaza ka cike fom kaza, a'a, iko take ba ministoci su fitar da ƙananan dokoki daga baya, kuma a cikin waɗannan ƙananan ne ainihin abinda mai gona zai yi ko ba zai yi ba yake.

Aminu: Su kuma ba mai dubawa?

Malam Bashir: Ana dubawa, kwamiti biyu ma. Akwai kwamitin da aikinsa kenan, ya duba ko ministan ya wuce ikon da aka bashi, ko rubutun ya fita daidai, shi ba ruwansa da ko tsarin na da kyau. Sai kwamitin harkokin karkara da tsibirai, shi ke duba naman maganar. Manyan hanyoyin kuma biyu ne. Wata dokar sai majalisa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin ta fara aiki. Wata kuwa ajiye ta kawai ake yi a gaban majalisa, akalla kwana 28 kafin ta fara aiki, in kwana 40 suka cika ba a soke ta ba shikenan ta zauna.

Hadiza: Tsaya Malam, in ɗan majalisa ya ga layi ɗaya da bai yi ba, zai iya cewa a gyara?

Malam Bashir: Ba zai iya ba, kuma abinda yafi ci min rai kenan. Ko a karɓa gaba ɗaya ko a ƙi gaba ɗaya. Kamar tela ya kawo miki riga ɗinkakkiya yace ko ki sa ko ki bari, ba maganar rage hannu. To wa zai ƙi dokar da kashi tara cikin goma nata alheri ne saboda layi ɗaya? Sai dai a kira minista a yi masa tambayoyi, a rubuta wasiƙa, wani lokacin gwamnati ta janye ta kawo sabuwa.

Aminu: Amma Yaya Hadiza ni ina ganin da dalili. In ace duk ƙaramin canji sai an bi matakai uku na babbar doka ai cuta zata gama da kifin kafin a gama muhawara. Kuma mutanen tsibiran nan aikin suke ci, ba wasu masana'antu gare su ba.

Hadiza: Na yarda da kai akan saurin, da aikin ma, ban ce a rufe gonaki ba. Malam bamu misali dai mu gani a ƙasa.

Malam Bashir: Akwai umarnin 2020 kan rahoton masu kiwon kifi, ɗaya daga cikin ƙananan dokokin nan, ya fara aiki a watan Maris 2021. Shi ya wajabta wa kowace gona ta kawo ƙirgen kwarkwata duk mako, matsakaicin manyan matan kwarkwata nawa ne a jikin kifi ɗaya. Ci gaba ne na gaske, da can kamfanoni ne ke bada abinda suka ga dama. Amma an bar ƙofa, gona na iya cewa bata ƙirga ba a wannan makon ta bada dalili, iska tayi yawa, ko likitan dabbobi ya hana, ko ana shirin kwashe kifin. Masu kare kifin daji sun daɗe suna kuka da wannan ƙofar don makon da ba ƙirge ba wanda ya san me ke cikin kejin. Sannan iyakar da sufetocin lafiyar kifi ke aiki da ita, kwarkwata 2 a ƙara sa ido, 6 a ɗau mataki, tsarin gwamnati ne aka sauko da shi daga 3 da 8 a 2019.

Aminu: To mutuwar fa, ita ma duk mako ake kawowa?

Malam Bashir: Rahoton mace-mace ga sufetocin da yarjejeniya ake yinsa da kamfanonin, na sa kai. Kwarkwata dole, gawar kifi kuma sai an wuce wani adadi a sanar bisa alkawari.

Hadiza: Subhanallah. Kuma majalisar ta san da wannan.

Malam Bashir: Ta sani sarai. A Nuwamba 2018 kwamitin tattalin arzikin karkara ya fitar da rahoto mai shawarwari 65, yace ba zai yiwu a ci gaba a haka ba. A 2022 Farfesa Russel Griggs ya duba tsarin bada izini ya ga ya watsu, ƙaramar hukuma ke bada izinin wuri, hukumar kare muhalli SEPA ke kula da dattin da magungunan da ke zuba a ruwa, hukumar kadarorin masarauta Crown Estate Scotland ke bada hayar ƙasan teku, sufetoci na nasu gefen. Sai a Janairu 2025 kwamitin karkara da tsibirai ƙarƙashin Finlay Carson ya sake komawa kan shawarwarin 2018 ɗin, ya tarar da yawa basu motsa yadda ya kamata ba, har sun tattauna dakatar da buɗe sabbin gonaki amma suka fasa, suka ba gwamnati shekara ɗaya, suka nemi a wajabta rahoton mace-mace a kuma samu ikon taka wa gonar da kifinta ke yawan mutuwa birki.

Aminu: To ai kinga kwamitin yayi aikinsa Yaya.

Hadiza: Yayi magana dai Aminu, shekara shida tsakanin rahoton farko da na biyu. Shawarar kwamiti bata ɗaure kowa, sai minista ya zauna ya rubuta ƙaramar dokar, in ya rubuta kuma su ba damar su taɓa ko harafi. Ni abinda nake so shine su riƙa neman daftarin tun kafin a ajiye shi, lokacin da gyara ke yiwuwa.

Malam Bashir: Suna iya nema, kuma babbar doka na iya shar'anta a nuna daftari a saurari jama'a kafin a kawo na ƙarshe, ana yin hakan a wasu dokokin masu nauyi. Lokacin da ake ba minista ikon ne ya kamata su kafe akan haka, in dokar ta riga ta wuce ba tare da wannan sharaɗin ba sai dai roƙo.

Aminu: Ni dai har yanzu ban goyi bayan dakatar da sabbin gonaki ba, amma rahoton mutuwar kam a wajabta shi, wannan ba gardama.

Hadiza: To ko a nan mun haɗu. Lokaci ya ƙure mana jama'a, Malam mun gode, Aminu na gode, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.